Kafar Allura

Ƙarfe biyun dare a gindin dutsen Jura.
A sama shanun babana sun kwanta,
ƙararrawar wuyansu ta yi shiru.
A ƙasa, mita ɗari cikin dutse,
zobe ne da ya kewaye ƙauyuka,
ciki zare biyu na ƙwayoyin zarra
suna bin sawun haske, sun juya wa juna baya.

Aikina in haɗa su faɗa.

Su kuwa ba sa so.
Dubban miliyoyi ke ratsa juna
kamar masu gaba a bakin kasuwa,
kowa ya kau da kai,
sai 'yan ƙalilan ke yin karo.
Yawan karon nan muke kira haske a gidan nan,
ko da yake ido bai taɓa ganinsa ba.

To, sai matsi.
Maganaɗisu ne tabaranmu,
mai kai huɗu, ya sha sanyin da ya fi na sarari,
shi ke murza zaren har ya fi gashi siranta
mu zura shi a kafar allura
daidai lokacin da ɗan'uwansa ke shigowa ta ɗaya ɓarin.

Daren jiya tabarau ya karkace.
Ba a gani. Ji ake yi.
Mukan ɗan zunguri zaren, mu saurara,
yadda babana ke ƙwanƙwasa gammon cuku
ya san inda rami ya ɓuya.
Layin da ke allo ya yi ta rawar ɗari.

Na ce na hagu ne.
Aurèle, bakinsa cike da burodi, ya ce na dama.
Shekarata goma sha ɗaya a kujerar nan,
shi ko takalmin da ya zo da shi bai tsufa ba.
Na rage wuta a hagu.
Nan ya lafa, can ya tashi,
bargo gajere a daren ƙanƙara:
ka rufe kai, ƙafa ta leƙo.
Na ƙara. Na rage. Gahawa ta huce a kofi.
Na zargi wata, tunda yakan ja ƙasa har zoben ya numfasa.
Na zargi tafki. Na zargi ma'auni.
Ban zargi Ombeline ba, wato ni.

Ƙarfe huɗu saura na tura masa allon,
ban dube shi ba.
Kashi biyu cikin dubu goma ya taɓa, a dama.
Shi ke nan.
Rawar ta tsaya cak
kamar an ɗora hannu a kan ganga.
Lambar da ke bango ta ɗaga kai,
ta hau, ta ƙara hawa, ta zauna.

Bai ce uffan ba, ɗan albarka.
Ya miƙo mini ragowar burodin.
Girma ya faɗi, na tsince shi na kakkaɓe,
na rubuta sunansa a littafin dare
da haruffan da suka fi nawa kauri.

Asuba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Crozet.
Na tarar da Baba a turke, bokiti tsakanin gwiwa.
Ya ce, yau me kuka ƙera a ramin naku?
Na ce, baƙi ne suka fi jiya haɗuwa,
da kashi uku cikin ɗari.
Ya yi shiru, madara na tsartuwa.
Ya ce, uku?
Na ce, uku.
Ya ce, wannan jar ma da uku ta ƙaru bana,
tun da na daina yi mata gardama.
Riƙe mini fitilar, kina ba ni inuwa.